Na ga dutsen niƙan Kaka a tsakiyar jajayen duwatsun Tadrart

Bakaniken Damagaram:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Kwana biyu kun ji ni shiru, aiki ne ya kai ni inda babu sabis. Na dawo lafiya, amma na dawo da wata magana da ta tsaya mini a rai, ina so ku taya ni duba ta.

Waɗanda suka san ni sun san na daɗe ina gyaran mota a Tamanrasat, a kudancin Aljeriya. Watan jiya wani mai motocin ɗaukar 'yan yawon buɗe ido ya ce in bi su, don ɗaya daga cikin motocinsa tana yawan ɗaukar zafi, yana tsoron ta tsaya musu a jeji. Muka kama hanyar Janet, kusan kilomita 700, daga can muka shiga gandun Tassili n'Ajjer, ɓangaren da suke kira Tadrart, kudu maso gabas da Janet, daf da iyakar Libiya da Nijar. Kwana 6 muka yi a ciki.

Wallahi ni ɗan Sahara ne a ganina, na sha hanyar Agadas da Arlit, amma ban taɓa sanin Allah Ya yi wuri irin wannan ba. Rairayin wurin ja ne kamar garin tattasai. Duwatsun kuma daga sama baƙaƙe wuluk kamar an shafa musu kwalta, inda suka ɓantare sai ka ga cikinsu ja, wani wurin ruwan ɗorawa, wani wurin launin hanta. Ka ɗan gangara kwari sai ka taka farar laka da ta bushe ta tsattsage kamar tsohon kasko. Kuma launin ba ya zama ɗaya. Dutsen da ka gani da asuba, in la'asar ta yi sai ka rantse an canza shi. Akwai wanda iska ta huda tsakiyarsa ya zama ƙofa, mota za ta wuce ta ciki. Akwai mai kama da bushiya sak, akwai wanda direbobi ke kira kofin duniya. Da yamma muka hau tudun rairayin Tin Merzouga, muna tafiya ƙafa na nutsewa, da muka kai ƙoli kowa ya yi tsit har rana ta faɗi.

Ga abin da ya kawo ni. A rana ta 4 muka tsaya a wata rumfar dutse mai zanen shanu a bangonta, masu dogayen ƙaho, wasu ma da roɗi-roɗi a jiki. Turawa suna can suna ɗaukar hoto, ni kuma idona ya kai ƙasa. Dutsen niƙa ne a ajiye, tsakiyarsa ya lotsa saboda aiki, ga ɗan dutsensa kwance a cikin lotsawar. Irin na kakata ne a ƙauyenmu kusa da Mirriya, wanda take niƙa mana gero muna zaune muna jira. Na ɗauki ɗan dutsen, ya zauna mini a tafin hannu daram, gefe ɗaya sumul, inda wata mata ta yi shekaru tana gogawa. Hawaye suka zo mini. Na sa shi a aljihu in kai wa mahaifiyata.

Jagoranmu dattijo ne, ya zauna a Agadas, yana jin Hausa. Bai yi faɗa ba. Ya matso kusa da ni ya ce a hankali, ƙanena, mayar da shi wajen uwarsa. Na mayar. Amma har yau raina bai kwanta ba. Dutse ne a jeji, mai shi ta mutu tun shekaru dubbai, babu magaji. Da na ɗauka, da na yi sata ke nan?

Alhaji na Kantin Kwari:
Wa alaikumus salam. Barka da dawowa ƙanena. Ni dai a nawa ganin ya matsa maka. Tsintuwa ce da babu mai ita. Turawan nan sun kwashi abin da ya fi wannan sun cika gidajen tarihinsu da shi, sai kai da kake da dangantaka da abin ne za a hana ɗan dutse ɗaya?

Ummi Ɗalibar Duwatsu:
Sannu da hanya Yaya. Kafin manya su shiga maganar sata, bari in ce wani abu kan launin, don shi nake karantawa. Duwatsun nan asalinsu yashi ne da ruwa ya tara ya daddanne tun miliyoyin shekaru, har ya dunƙule ya zama dutse. Jan da ka gani tsatsa ce, ƙarfen da ke cikin yashin ne ya haɗu da iska, kamar yadda tsohon kwanon rufi ke yin ja. Rairayin ma kowace ƙwaya tana da wannan rigar tsatsar, shi ya sa ya fi na wajenmu ja. Baƙin da ke sama kuwa wata siririyar fata ce ta laka da ƙarfe da sinadarin manganis, tana ɗaukar dubban shekaru kafin ta yi kauri ko na farce. Shi ya sa in mutum ya karce sunansa a jikin dutsen, tabon ba zai rufe ba a zamaninsa ko na jikokin jikokinsa. Ƙofofin nan kuma ba iska kaɗai ta yi su ba, ruwa ne ya fara bin tsaga yana ci, iska ta zo ta ƙarasa. An ƙirga kusan 300 a yankin.

Bakaniken Damagaram:
Allah Ya ƙara basira ƙanwata. Karce sunan nan na gan shi da idona, wani ya rubuta sunansa da fenti a gefen zanen raƙumin dawa. Jagoran ya kau da kai, ko kallon wurin bai so yi ba.

Ustaz Abu Maryam:
Da na karanta bayaninka sai aya ta 27 ta Suratu Faɗir ta faɗo mini, inda Allah Yake ambaton cewa a cikin duwatsu akwai zane-zane farare da jajaye masu launi daban-daban, da kuma baƙaƙe ƙirin. Kai ka je ka gani da ido. Irin wannan tafiya in an yi ta da tunani ba ɓata lokaci ba ce. Game da dutsen, abu ɗaya zan ce. Ka shiga wurin ne da izinin hukumar ƙasar, bisa sharaɗin ba za a ɗauki komai ba, kuma Musulmi yana kan sharaɗin da ya ɗauka. Ko da dutsen ba na kowa ba ne, alƙawarin naka ne.

Alhaji na Kantin Kwari:
Na ji ta wajen alƙawari, Ustaz, ba zan ja da kai a nan ba. Amma dokar kanta nake tambaya. Wa take karewa? Dutsen da zai zauna a rairayi har abada, wa ya amfana da shi?

Malamin Tarihi, Zariya:
Alhaji, maganarka ta farko gaskiya ce, kuma ita ce ma hujjar da ta sa ban goyi bayanka ba. Bari in ɗan ja zancen.

Wanda ya yayata zanen Tassili a duniya wani Bafaranshe ne, Henri Lhote. A 1956 ya hau saman tsaunin Tassili da masu zane, suka yi watanni 16 suna kwafar hotunan, aka kai Faris aka baje kolinsu. Wanda ya nuna masa wuraren kuwa mutumin ƙasar ne, Jibrin ag Muhammad, shi ya san kowane kogo, amma sunan Lhote ne ya fita. To don launin ya fito rangaɗau su kwafa, sai suka riƙa goge bangon da jiƙaƙƙen soso. Zanen da ya yi shekaru dubbai lafiya a bushe, ya dusashe a hannunsu. Bayansu baƙi suka ɗauki al'adar, kowa ya zo ya watsa ruwa ya ɗauki hoto. Kayan ƙasa kuwa, kan kibiya, tsingaro, duwatsun niƙa, an yi ta lodinsu a mota. Kowane ɗaya daga cikin masu ɗaukar nan cewa ya yi ai guda ɗaya ne.

Gwamnatin Aljeriya ta mai da wurin gandun ƙasa a 1972, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1982. Faɗinsa murabba'in kilomita 72,000, ya ninka jihar Kano fiye da sau 3, zane sama da 15,000. Wa zai iya gadin wannan? Babu mai gadi sai irin dattijon nan.

Sai tambayarka, wa ya amfana. Wannan bawan Allah ya amfana. Abin da ya sa shi hawaye ba ɗan dutsen kaɗai ba ne. Ya gan shi ne a cikin uwarsa, a ƙarƙashin zanen shanu, a wurin da yau ko ciyawa ɗaya babu. Haɗuwar ukun ce ta gaya masa cewa nan gida ne a dā, da mata masu niƙa da garke da ruwa. Ka kai ɗan dutsen Mirriya, ya zama dutse cikin duwatsu. Da wani ya riga shi ɗauka bara, da bai dawo mana da wannan labarin ba.

Baffa Jauro:
Malam, tsaya a kan shanun nan. Ɗana, ka ce masu dogayen ƙaho. Ka turo hoton in gani.

Bakaniken Damagaram:
Na tura Baffa. Na biyun ba a Tadrart ba ne, a Tegharghart ne kusa da Janet, mun biya ta nan a hanyar dawowa. Shi sassaƙa ne a jikin dutse, ba fenti ba. Suna kiransa saniya mai kuka. Ka duba ƙarƙashin idon, akwai ɗigon hawaye. Kawunan sun sunkuyo daidai wani ɗan kwarmi da ruwa ke taruwa in an yi sama. Mutanen wurin suna cewa makiyayi ne ya kawo garkensa mashaya ya tarar ta ƙafe, shi ne ya sassaƙa.

Baffa Jauro:
Subhanallah. Na daɗe ina kallon hoton nan. Wanda ya yi wannan ya san saniya, ba daga nesa ya gan ta ba. Dubi yadda ya yi hancin, dubi yadda wuya ke miƙewa in ta sansano ruwa. Ni na ga fari na 1973 ina saurayi, na ga na 1984 ina da iyali. Na ga saniya ta tsaya bakin rijiyar da ta sani ta ƙi tafiya har ta faɗi. Ko labarin nan gaskiya ne ko ba gaskiya ba, wanda ya sassaƙa ya ga abin da na gani. Waɗannan kakanninmu ne Fulɓe, ba ni da shakka.

Malamin Tarihi, Zariya:
Baffa, ba kai ka fara faɗa ba. Amadu Hampate Ba, babban masanin nan Bafulatanin Mali, da aka nuna masa kwafin wasu zanen Tassili, ya ce ya ga bikin lotori na wankan shanu a ciki. Shi da Germaine Dieterlen suka wallafa wannan a 1966. Sai dai daga baya wasu masu bincike, irin su Jean-Loïc Le Quellec, sun koma wajen zanen na ainihi suka nuna cewa kwafin da aka ba shi bai yi daidai da abin da ke jikin dutsen ba, don haka fassarar tana da rauni. Abin da aka tabbatar shi ne, tsakanin kimanin shekaru 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce Sahara tana da damina da tafkuna, kuma zanen ya bi sauyin daki-daki: giwa da karkanda da dorina, sai wasu mutane masu kai kamar ƙwarya, sai zamanin shanu, sai dawaki da keken doki, daga ƙarshe raƙumi. Da ruwa ya janye, mutane suka watsu, da yawa suka yi kudu. Cewa jininsu yana jikinmu, Fulani da Hausawa da Barebari da Azbinawa, wannan abu ne mai ƙarfi. Cewa ƙabila kaza ce ta yi zane kaza, nan ne ake tuntuɓe.

Baffa Jauro:
Ku masu takarda ku yi ta bincikenku, Allah Ya taimaka. Ni dai na gane saniyata.

Innar Kance:
Na yi ta karantawa ina haƙuri, amma bari in faɗi abin da ke cikina. Ɗana, ba da kai nake ba, kai aiki ya kai ka. Amma in na ji ana yabon kyan Sahara sai gabana ya faɗi. A watan Oktoba na 2013 mutum 92 ƙishirwa ta kashe a arewacin Arlit, suna hanyar Aljeriya, motocinsu suka lalace. Yara 52 ne a ciki, mata 33. Yawancinsu daga yankinmu suke. Akwai gidajen da na je gaisuwa da ƙafata. Har gobe ana kwaso mutanenmu daga Aljeriya a zube su a bakin iyakar Nijar, su taka kilomita 15 a rairayi zuwa Asamaka. Rairayin da Bature ke biyan kuɗi ya hau ya kalli faɗuwar rana, shi ne ya binne 'ya'yanmu. Kada wani yaro ya ga hotunan nan ya ce zai kama hanya.

Bakaniken Damagaram:
Inna, Allah Ya jiƙansu, Ya ba ku haƙuri. Ba ki faɗi ƙarya ba ko ɗaya, kuma na yi wannan tunanin a can. Mu motoci 3 ne, da jarkokin ruwa da suka ishe mu har da saura, da wayar tauraron ɗan'adam, da jagoran da ya san kowane dutse da sunansa, da ni da aka ɗauka don gyara kaɗai. A rana ta 3 tiyon lagireto ya fashe, na gyara cikin awa ɗaya, amma ina kwance ƙarƙashin motar abin da ke raina shi ne, da mota ɗaya ce kuma babu kayan gyara fa? Wallahi ƙishirwar wurin ko a sanyin Disamba leɓe tsagewa yake. Duk mai ji na ya sani, ba a shiga gandun nan sai da takardar izini da jagora mai lasisi, kuma ba a zuwa ta ɓarauniyar hanya. Wanda ya ce zai tsallaka da kai ta jeji, ranka yake ciniki da shi.

Amma Inna, abin da ya taɓa ni ke nan. Mu ba mu san Sahara ba sai a matsayin hanyar wahala. A can na fara ganin ashe ta taɓa zama gida.

Innar Kance:
Na ji ka ɗana. Allah Ya tsare ka a inda kake.

Ɗan Kura:
Amin Inna. Ni kuma wata tambaya ce da ni, Yaya. Dattijon nan naku, rawaninsa wane iri ne? Dalilin tambayar, mu a Kura gidanmu marina ne tun kakanni, kuma turkuɗin da ake rinawa a buga shi har ya riƙa ƙyalli, Buzaye ne manyan masu sayensa.

Bakaniken Damagaram:
Kai ka taɓo inda yake! A hanya farin rawani ne na yau da kullum yake naɗawa. Amma da dare ɗaya muna shan shayi, yana gasa mana tagella, gurasar nan da suke binnewa a rairayi mai zafi ƙarƙashin garwashi, ya ji ana cewa akwai Bakano a garejinmu, sai ya ce alashonsa na biki daga ƙasar Kano yake, yana naɗe a takarda a cikin akwati, ba ya fito da shi sai ranar bikinsu na Sebiba. Ya ce shunin yana zuba a goshi, kuma wannan zubar ita ce adon. Wani abu kuma ɗan'uwa, su can ba sa son a ce musu Buzaye. Kel Ajjer suke kiran kansu.

Ɗan Kura:
Na karɓi gyara, ban sani ba. To wallahi ta yiwu daga unguwarmu ya fito. Mahaifina yana cewa da sauran su kaɗan masu bugun, matasa duk sun koma acaɓa da kasuwar waya. Zan karanta masa wannan yau da dare.

Malamin Tarihi, Zariya:
Ka gaya masa hanyar tsohuwa ce. Janet maƙwabciyar Gat ce ta Libiya, tsallaken iyaka kawai, kuma Gat babban zango ne na ayarin da ke tashi daga Kano ya bi ta Damagaram da Azbin ya nufi Gadamus da Tarabulus. Tufafin Kano da jemammiyar fata ta nan suke bi. Heinrich Barth, Bajamushe mai yawon bincike wanda ya kira kansa Abdulkarim, ta Gat ya biyo a 1850. Ya bar ayari ya tafi hawan dutsen Idinen shi kaɗai, mutanen wurin sun hana shi bai ji ba, ya ɓata, ƙishirwa ta kai shi ga tsotsar jininsa kafin wani mutumin ƙasar ya tsinto shi. Ya iso Kano a Fabrairun 1851. Jirgin ƙasa da ya iso Kano a 1911 shi ya karya wannan hanya, kaya suka juya suka nufi Ikko.

Sebiba kuwa biki ne na Ashura a Janet, unguwanni biyu ke karawa, Azelouaz da El Mihan. Maza na rawa da takobi a hannu ɗaya, gyale a ɗayan, mata na waƙa suna kiɗa. Abin kiɗan nasu sunansa ganga. UNESCO ta amince da bikin a 2014.

Ummi Ɗalibar Duwatsu:
Yaya, kun hau saman tsaunin, wajen Sefar da Tamrit? Can ne akwai itatuwan tarout da suka rage tun zamanin ruwa. 233 kacal aka ƙirga a duniya a inda suka tsiro da kansu, wasu sun haura shekara 2,000.

Bakaniken Damagaram:
A'a, can mota ba ta hawa. Da ƙafa ake yi, jakuna na ɗaukar kaya, to ba su da bukatar bakanike. Jagoran ya ce in na samu hutu kafin zafi ya shigo in zo ya sa ni cikin masu kora jakuna. Ina son in je.

Alhaji na Kantin Kwari:
Na saurari kowa. Malam, hujjarka ta cewa wani zai zo bayansa ya gani ta shige ni, na yarda a bar na wurin a wurin. Amma ban sauka daga ɗaya maganar ba. Wanda aka riga aka kwashe aka kai waje, a dawo da shi. Ba zai yiwu a hana ɗanmu na aljihu a bar wa wasu na akwati ba.

Malamin Tarihi, Zariya:
A wannan muna tare, Alhaji.

Innar Kance:
Ɗana, ka ɗauki hoton dutsen niƙan? Shi nake son gani, ba tudun rairayin ba.

Bakaniken Damagaram:
Na ɗauka Inna, bayan na mayar da ɗan a cikin uwarsa. Ga shi nan na tura. Na riga na tura wa ƙanwata ta nuna wa mahaifiyarmu. Ta ce mahaifiyar ta daɗe tana kallo, sannan ta tambaya ko na kakarmu yana nan a bayan rumbu ko an jefar. Ƙanwata ta je ta duba, yana nan, kaji ke shan ruwa a ciki. Ɗan dutsen ne ba a gani ba, suna kan nema.